Yadda Na Kai Ruwan Rijiyar Babana Wurin Walƙiya

Tun da na dawo daga Yawunde ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali a fadarmu ta Dogon Dutsi ba. Da na ɗauki kofi sai wani ya ce, "Mushe Arzika, wai da gaske na kun kama walƙiya kun sa ta cikin ruwa?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri kafin ya miƙa wa na gaba. Kwanan baya wani ɗan kabu-kabu da bai san ni ba ya ba ni labarin kaina, ya ce wai tsawa ta faɗo wa wani malami a ka a Kamaru kuma bai mutu ba. Shi ya sa na ce gara in rubuta shi yadda ya faru, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda in ci gaba da shan shayina.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, shi ya sa ake ce mini Mushe yadda ake kiran malamin boko a nan Nijar, amma asalina wani ƙauye ne kusa da Gecheme. A bakin ƙauyen akwai rijiyar da marigayi mahaifina, Ganda, ya haƙa da hannunsa tun ban san kaina ba. Ita muka sha muka girma, ita kuma shanun Fulanin da ke zaune gefenmu suke sha. Bara zawo ya addabi yara, ma'aikatan lafiya suka zo suka ce daga rijiyar ne. An yi wa gari famfon burtsatse a can ɗaya ƙarshen, aka kuma yanke shawarar toshe rijiyar Ganda da siminti kafin damina. Kowa ya koma famfo sai mutum ɗaya, mahaifiyata. Inna ta ce ruwan famfo ba shi da ɗanɗano, kuma ranar da za a zuba simintin, sai dai a zuba da ita a ciki.

Ni kuwa na daɗe ina koya wa ɗalibai wani abu da ban taɓa gani ba sai a allo. Idan lantarki mai ƙarfi ya ratsa iska, iskar takan kama haske, ta zama abin da masana ke kira falasma, irin dai abin da walƙiya ke yi a sama. Idan wannan iskar ta taɓa ruwa, tana kashe ƙwayoyin cuta. A wani zauren malaman kimiyya na wayar salula na san wata mai bincike a Yawunde, Madam Odil, wadda wannan ne aikinta. Da ta gayyaci wasu malamai horo lokacin hutun bazara, sai na tambaye ta ko zan iya zuwa da ruwan garinmu a gwada. Ta amsa da kalma ɗaya: kawo.

Na roƙi dattawan gari su dakata da siminti har in dawo, suka yarda. Da yake bakina ya fi ni sauri, sai na ce musu da maganin rijiyar zan dawo. Inna da kanta ta ja guga ta cika mini bido, wato jarka, mai ruwan ɗorawa, ta toshe bakinsa da leda, ta naɗe da tsumma. Ta ce, "Ka kai musu su gani da idonsu. In ƙarya anka yi ma rijiyar ubanka, su hwaɗi."

Daga Dogon Dutsi zuwa Ƙonni ba abin faɗi, kwalta ce da kowa ya sani. A kan iyaka aka fara. Duk wanda ya ga bido mai ruwan ɗorawa a wannan hanyar ya san fetur ne, sai dai fetur daga Najeriya yake shigowa, ba a taɓa ganin yana komawa ba. Ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya dube ni, ya dubi bidon, ya ce, "Mushe, kai ka hi kowa wayo, ko kuwa hanya ta ɓace maka?" Na ce ruwa ne. Ya ce, "Ruwa? Can ba su da shi?" Ya kwance tsumman Inna, ya shinshina, ya ɗaga zai kurɓa. Na kama hannunsa da sauri. Ban taɓa kama hannun mai kaki ba a rayuwata, shi ma da alama ba a taɓa kama nasa ba. Muka tsaya muna kallon juna. Na ce, "Ba shi da lahiya, likita zan kai shi." Ya yi dariya har ya dafa mota, ya kira abokan aikinsa su zo su ga mai kai ruwa asibiti.

Na kwana a Sakkwato, inda Hausarmu ɗaya da tasu, na wuce Kano, inda ba haka ba. Ina cewa "tahiya" mai sayar da waina ya ce, "Malam daga Faranshi ne?" Ya ƙara mini guda biyu don in sake faɗi. Mutanen Kano suna da kirki, amma suna gaisuwa suna tafiya, kafin ka tambayi gajiya sun sha kwana.

Abin da ya fi yi mini nauyi a duk tafiyar ya faru ne tsakanin Kano da Yola. Motarmu ta mutu da tsakar rana a wani daji da ba ko inuwar kirki. Muka sauka muka zauna a gefen hanya, ruwan da kowa ya saya a tasha ya ƙare. A cikinmu akwai wani dattijo mai farin gemu, mai sayar da goro, wanda tun daga Kano yake kirana "ɗana". Ya matso ya ce, "Ɗana, san mini ruwan nan in jiƙa maƙogwaro."

Ku da kuka san Arewa kun san abin da wannan ke nufi. A wajenmu ana iya hana mutum hatsi, ana iya hana shi aron jaki, amma ba a hana ruwa. Ko wanda kuka yi shari'a jiya ya tsaya ƙofar gidanka ya ce ruwa, sai ka ba shi. Ni ɗin da mahaifina ya haƙa rijiya don mai wucewa, ga ni rungume da bido cike, ina ce wa tsoho a'a. Wata mata ta ja tsaki ta ce ba ta taɓa ganin rowa irin ta yau ba. Wani ya ce dama 'yan boko haka suke. Wallahi na ji kunya har cikin ƙashina.

Na laluba jaka na sami ragowar ruwan gorata, bai kai rabin kofi ba, na ba shi. Sannan na tashi tsaye na yi musu darasi kamar ina aji, na faɗi labarin rijiya da yaran da suka yi zawo da Inna da siminti. Matar da ta yi tsaki ta ce, "Allah sarki, ashe mara lafiya ne." Sai dattijon ya ce, "To, ɗana, in ba a sha, ai ana alwala." Dole na yarda. Na roƙe su kada su haɗiye wajen kurkure baki, na riƙa tsiyaya musu da kaina, ina jin kowane ɗigo. Muna cikin salla direba ya ga bido a buɗe, ya ɗauka ya shayar da injinsa. Da muka sallame na tarar saura bai kai rabi ba. Motar kuwa ta tashi, kuma har Yola fasinjoji suna cewa albarkar rijiyar Ganda ce.

Daga Yola na hau babur zuwa iyakar Kamaru, bidon a ɗaure a bayana da rawani kamar goyo. A can faransanci ya dawo, na ji kamar na shiga gida. Jandarman ya tambayi takardar allurar rigakafina, sannan ya nuna bidon ya ce shi fa, an yi masa? Wannan karon na koyi darasi, na yi dariya tare da shi na wuce. A Garwa da Ngaundere Fulatanci ne a kasuwa, ɗan abin da na tsinta a bakin rijiya wurin makiyayanmu ya saya mini tuwo da nono. Daga Ngaundere jirgin ƙasa ne. Na shiga a ƙasa mai kama da tamu, gari ya waye mini a wata duniya, itatuwa sun haɗe har ba ka ganin ƙasa, mata a kowace tasha suna miƙo ayaba da abarba ta taga.

A Yawunde na sauka a unguwar Hausawa, gidan wani Alhaji mai kilishi wanda kakansa ya zo daga ƙasar Kabi. Da ya ji bakina sai ya ce haka kakansa yake magana, ya hana ni neman wani masauki. Garin duk tudu ne da gangare, ƙafar mutumin Dallol, shimfiɗaɗɗen kwarinmu, ba ta saba ba. Ruwan sama kuma kusan kullum, yana zuba daga rufi yana bin kwata yana tafiya, ba mai tara ko kwano. Ranar farko na tsaya a baranda ina kallo kamar ana zubar da hatsi. Abinci kuwa, sun ba ni wani rogo da aka ƙunshe a ganye aka ɗaure da zare, mai warin tsami, da miyar ganye mai ɗaci da gyaɗa. Na ci don kunya, kafin mako ya ƙare ina neman ƙari. Amma fura ban daina mafarkinta ba.

Madam Odil gajeriyar mace ce mai saurin magana. Ta miƙo mini hannu, ta ce ina ruwan. Babu ina gajiya, babu yaya ka baro gida, balle a kawo wa baƙo abin sha. Na ajiye bidon a kan teburinta da alfahari. Ta dubi tsumman, ta taɓa jikinsa ta ji ɗumi, ta tambaye ni tun yaushe aka ɗebo. Da na faɗa mata sai ta dafe kai. Ta ce ruwan da za a ƙirga ƙwayoyin cutarsa a cikin sanyi ake kawo shi, a kwalba mai tsabta, kuma da wuri. Wannan ya sha rana, ya sha hannuwa. Na tuna dattijon da na hana, na ce ashe a banza na yi rowa. Ta ga fuskata, sai ta sassauta. Ta ce ba za ta iya rubuta wa hukuma adadi da shi ba, amma gishirin da ke narke a ciki bai je ko'ina ba, ƙwayoyin kuma suna nan, sun ishe mu gwaji. Sannan ta ce a duk malaman da ta gayyata, ni kaɗai na zo da ruwan da wani ke jiran amsarsa.

Na'urar ta ba ni mamaki don ƙanƙantarta. Ƙarfe biyu ne masu lanƙwasa kamar ƙahon rago, kusa da juna a sama, suna buɗewa a ƙasa, da bututu mai hura iska a tsakaninsu, da kwanon gilashi a ƙarƙashi. Madam ta ce in zuba ruwana, in ja baya, in kunna da kaina. Na yi bisimilla na danna. Wuta ta haɗa ƙarafan da ƙara, iska ta tura ta ƙasa, ta miƙe, ta tsinke, wata ta sake haɗawa, da sauri har ido ya ga harshe guda mai launin shuɗi da ja yana lasar ruwan. Fuskar ruwan ta lotsa tana rawa. Sai wani wari ya tashi, na gane shi nan take, warin da ake ji a gona bayan tsawa ta faɗi kusa. Shekara da shekaru ina zana wannan abu da alli. Ban san lokacin da na ce "Allahu akbar" da ƙarfi ba, ɗalibanta suka yi ta dariya, ni kuwa ko a jikina.

Kwanakin da suka biyo baya na ga abubuwa. Mun zuba shuɗin rini a ruwa, harshen wutar ya cinye launin har ya koma fari. Na ga ruwan yana ɗumi, yana raguwa kaɗan. Na koyi cewa wutar tana farfasa iska da tururi, gutsattsarin su shiga ruwan su zama abu biyu: irin ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a asibiti, da kuma gishirin nitrat, wanda shi ne ƙarfin takin zamani. Ruwan kuma yana yin tsami. Da Madam ta tambaye ni da me zan auna tsami a makarantar da ba ta da kayan awo, na sayo zoɓo a kasuwa, na jiƙa, na sa masa 'yar kanwa ya yi duhu, muka sa a ƙarƙashin wutar, ya dawo ja wur a gabanmu. Ta ce za ta riƙa nuna wa sababbin ɗalibanta haka, kuma za ta ce daga Nijar ta samo. Ranar ban taka ƙasa ba.

Sai ranar sakamako. Ta jera mini faranti biyu na gilashi. Na ruwanmu yadda na kawo shi ya cika da ɗigo-ɗigon ƙwayoyi. Na wanda wuta ta lasa fes yake. Har ma ta nuna mini cewa bayan an kashe na'ura ruwan yana ci gaba da kisa shi kaɗai na wani lokaci. Na miƙe zan kira gida. Ta ce, "Zauna, Mushe, ban gama ba."

Ta ce ruwan rijiyarmu tun kafin wuta ta taɓa shi nitrat ɗinsa ya wuce abin da ya kamata mutum ya sha, musamman jarirai. Ta tambaye ni ko dabbobi na tsayawa kusa. Na ce a bakinta suke wuni tun ina yaro. Ta ce to kashinsu da fitsarinsu ne suka jiƙa ƙasar shekara da shekaru, tafasawa ba ta fitar da shi, na'urarta kuma ƙara shi take yi. Na ce ba wata dabara? Ta ce, "Ta sha, da wannan na'urar, babu. Ba zan ba ka ƙarya ka kai wa mahaifiyarka ba."

Na fita waje na zauna a kan matakala, ana yayyafi. Na yi baƙin ciki ƙwarai, na kuma ji haushin bakina da ya yi alkawari. Ina zaune ina kallon ciyawar da ta tsiro har a tsagar siminti, sai kalmar taki ta dawo mini. Na koma ciki da gudu na ce, "Madam, abin da ya hana mutum sha, ai shi shuka ke nema." Ta ce tana jira ne ta ga ko zan faɗa da kaina.

Muka shuka irin tumatir da na yakuwa a ƙananan kofuna. Wasu muka ba su ruwan famfo, wasu ragowar ruwan bidona da wuta ta lasa, bayan na kashe tsaminsa da 'yar kanwa yadda Inna ke yi wa miyar yakuwa. Kafin in taso, na ruwan Ganda sun fi kore, sun fi tsayi. Madam ta gargaɗe ni cewa kofuna kaɗan ba hujja ba ce, sai na maimaita a ƙasarmu. Ta zana mini yadda ake haɗa na'urar, ta sa na haɗa na warware har hannuna ya saba, ta kuma sa na rantse ba zan bar ɗalibi ya matso kusa da ita tana kunne ba. Ranar rabuwa ta kawo mini ruwa a kofi, ta ce Alhaji mai masaukina ya gaya mata ta yi laifi tun ranar farko da ba ta ba baƙo ruwa ba.

Sauran kun gani da idonku. Kun ga na'urar da muka haɗa da mai walda na bakin kasuwa, da injin hura taya da faifan hasken rana, wadda ɗalibaina ke kallo daga bayan igiya. Waɗanda suka je ƙauye sun ga ba a zuba siminti ba. An janye kwamin shanu nesa bayan doguwar magana da makiyaya, an kewaye rijiyar, mata sun yi lambu. Ina alfahari da wannan, ba zan ɓoye ba.

Abin da ba ku gani ba shi ne ranar da na isa gida. Na sauka da la'asar, bidon wofi a hannuna, maƙwabta suka biyo ni har tsakar gida. Inna ta shimfiɗa mini tabarma, ta shiga ɗaki, ta fito da ƙwarya cike da ruwan randa, mai sanyi, ta durƙusa ta miƙo mini kamar yadda take yi duk lokacin da na dawo tun ina ɗan makaranta. Na san daga inda aka ɗebo shi. Na karɓa da hannu biyu, ƙishirwa kamar ta kashe ni, na riƙe.

Ta ce, "Sha mana."

Na ce, "Inna, ba ni sha. Ke ma daga yau ba ki ƙara sha."

Hana tsoho ruwa a hanyar Yola bai kai wannan ciwo ba. Ta ce, "Ashe gaskiya sunka hwaɗi." Na ce gaskiya ne. Ta ce, "Kai ka gani, ko hwaɗa maka anka yi?" Na ce da idona na gani, da hannuna na kunna. Sannan na gaya mata sauran, cewa ruwan ya yi wa cikin mutum ƙarfi ne amma abinci ne ga shuka, kuma in dattawa sun yarda ba mai toshe ta.

Ta daɗe tana kallon ƙwaryar. Sai ta karɓe ta daga hannuna, ta taka a hankali zuwa gindin zogalen da ke bayan rumbu, ta tsiyaye ruwan duka. Na ji tana cewa ƙasa-ƙasa, "To, Ganda, ka ji ɗanka. Aikinka bai ƙare ba, sake maka wani anka yi."

Ta ɗauki bokiti ta nufi ƙofa, hanyar famfon da ta rantse ba za ta taka ba. Na tashi da sauri na ce ta kawo in ɗebo. Ba ta ko juyo ba.

Ta ce, "Zamna. Daga tahiya kake, ni ka ba ka ruwa."